Likkafanin Inna Na Bakwai

Batsari,
26 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga abokina Dokta Abdulhakim, bokan Turai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Hajiya Rashida da yara. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasar mutane, yaya kuma ɓerayenka? Mu nan alhamdu lillahi. An fara yankan gero, a gonakin da ake iya zuwa.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannuna bayan shekara talatin. An katse mana layin waya saboda mutanen daji, wayata ta koma fitila da agogo. Zan ba direban motar Katsina wannan takarda ya kai wa ƙanwarka Sadiqa, ta ɗauki hotonta ta tura maka. In ka amsa, ta buga a takarda ta ba direban ya kawo. Kai kana can kana tura ɗan Adam gaba zuwa shekara ɗari da hamsin, mu nan an jawo mu baya shekara hamsin ba tare da an yi mana allura ko ɗaya ba.

Saƙonka na ƙarshe kafin layi ya ɗauke yana da buƙata biyu. Ta farko, in rubuta maka, a matsayina na wanda ya tsufa yana koyar da Larabci da tarihi, ko addini yana da ja a kan aikinku na tsawaita rai. Na karanta abin da ka turo. Na ga kun ƙara wa ɓera kwana har ya wuce duk kakanninsa. Na ba da labari a majalisa, wani manomi daga Wagini ya ce in roƙe ka don Allah kada ko ɗaya ya kuɓuce muku, waken bana bai yi yawa ba.

Ba zan ce haramun ba ne. An umarce mu da neman magani. In kuma ka kai mutum ɗari da hamsin, to dama ɗari da hamsin aka rubuta masa, kai ɗan aike ne kawai mai farar riga. Na san wannan zai fi ɓata maka rai a kan in ce haramun, shi ya sa na fara da shi.

Abin da nake ji wa tsoro tuba ce. Yanzu ma sai furfura ta rufe mutum yake neman sahun farko. Ka ba shi ɗari da hamsin, ya ce sai ya cika ɗari da arba'in. Mala'ikan da ke hagunsa kuwa ba wanda ya tambaye shi ko yana son ƙarin aiki. Ga kuma maganar gado. Mahaifina ya gaji gonarmu ta Runka yana ɗan talatin. A tsarinku ɗa zai kai ɗari da goma yana noma wa babansa gandu, yana jiran ranar da za a ce ya girma. Na'ibin limaminmu shekararsa ashirin da biyu yana jira cikin haƙuri da murmushi. Kai ka zo ka gaya masa saura saba'in, ni ba zan iya ba.

Sai wani dalili da ba na malanta ba. Matata Mahfuza ta tafi tana da arba'in da ɗaya, bana shekara shida. Ina kyautata zaton nan da shekara ashirin ko ƙasa da haka mu sadu, in Allah Ya yi mana rahama. Kai kuma kana so ka ƙara mini ɗari ina wanke rigunana da kaina.

Buƙata ta biyu, in roƙi mahaifiyata Inna Asta ta yarda a ɗebi jininta, a kuma tambaye ta sirrin tsawon ranta. Ka san ba ta da takardar haihuwa. Ta dai ce tana 'yar talla aka yi shekarar fara, kuma tana amarya aka kwashi samari zuwa yaƙin Turawa. Na lissafa mata casa'in da huɗu. Da na isar mata da saƙonka ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce jinin da sauron Runka da na Batsari suka rage mata bai kai a raba da baƙo ba. Sirri kuwa ta ce ba sirri: haihuwa tara ta yi, kowacce ta yi wankan jego na kwana arba'in cif, ta sha kunun kanwa, ta gasa jikinta, sanyi bai taɓa samun wurin zama a cikinta ba. Ka rubuta wannan ka kai wa Turawanka.

Amma tunda kana neman labarin mai tsawon rai, bari in ba ka wanda ba ta faɗa ba. Ka tuna shekarar da ka je aikin hajji ta ba ka saƙon farin yadi, a tsoma mata shi a zamzam? Ka kawo kana sunkuyar da kai, likita guda da likkafani a jaka. To, wannan shi ne nata na bakwai. Tun tana 'yar hamsin da wani abu ta fara tanadin likkafaninta a cikin adaka, kamar yadda tsofaffinmu ke yi. A ƙauye mutuwa ba ta jiran ranar kasuwa, gawa kuma ba ta kwana, don haka duk wanda ya rasu ba shiri, adakar Inna ake tunawa. Na farko mahaifina Malam Barau ya tafi da shi. Ta sake saya, yayana Uwaisu da maciji ya sara a gona ya tafi da shi. Sai yayata Halima. Sai Mahfuza. Biyu kuma a Runka aka karɓe su cikin damina ɗaya, kafin mu taso zuwa Batsari: ɗaya jikanta, ɗaya wani makiyayi da aka tsinta a bakin gona, har yau ba mu san sunansa ba. Cikin mu tara da ta haifa ni kaɗai na rage, auta. Wannan na bakwan, naka, ta ce ko liman ne ya faɗi ba za ta bayar ba. Takan fito da shi lokaci-lokaci ta sha masa iska, ta shafa, ta mayar.

Yanzu labari mai daɗi. 'Yata Tayyiba ta sauka lafiya kwana goma sha biyu da suka wuce, mace. Mijinta Bashir ya kawo ta goyon ciki daga Safana tun watan jiya. An sa wa jaririya sunan Inna don ta gaji tsawon kwana, ni kuwa da ba na iya kiran sunan, Innata nake ce mata. Da yake uwar Tayyiba ba ta raye, Inna ce shugabar wanka. Tana zaune a kujera tana ba da umarni, maƙwabciyarmu tana ɗaukar ruwa. Ganyen runhu ta so, amma runhu a daji yake, dajin kuma ya sami masu shi, sai aka koma darbejiya. Ƙafafun Tayyiba sun ɗan kumbura, takalmana take sakawa, ta ce ta gaje ni tun ina raye.

Ita ce ta fara karanta wannan takarda, ta gyara mini wurare biyu, kuma tana bayanka a gardamar nan. Ta ce ni tsoro nake ji kada in daɗe har ɗalibaina su gano ban san komai ba. Ta ce tana son ɗari da hamsin ɗin, tana da littattafaina da za ta ƙarasa da ajin matan aure da za ta buɗe a Safana. In gaya wa Baba Dokta ya rubuta sunanta na farko a layi.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Tayyiba tana gaishe ka da girmamawa. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Uzairu.


Batsari,
14 ga Oktoba, 2021.

Abokina Abdulhakim,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali duka, da fatan kowa yana lafiya. Yaya aiki, yaya gajiya?

Ban ji daga gare ka ba. Ko dai hujjojina sun kashe maka baki, ko direba ya nannaɗe ƙosai da su. Hanyar Katsina ma ta yi kwanaki ba mota, an ce an tare ta sau biyu. Don haka ban zarge ka ba tukuna.

Na ƙara tunani a kan maganarku. Akwai wani tsoho a unguwarmu da ya haddace littattafai da yawa, muka yi karatu a zaurensa. Yanzu yakan tambayi ɗansa ko shi wane ne, ya kuma yi kuka in an ɗauke masa kwano. An faɗa mana dama cewa akwai wanda za a mayar ga irin wannan tsufa, ya manta abin da ya sani. Kun ce za ku gyara wannan ma, na ji. Amma ka gaya mini wa za a fara ba maganin. Ni dai ban ga ranar da zai iso ƙauye irin Babban Duhu a bayan babur ba, inda maganin saran maciji ma bai iso ba. Zai tsaya ne wurin waɗanda ke da komai, sai a wayi gari abu ɗaya tilo da muke yin daidai da su an raba mu da shi.

Na so in ci gaba, amma hankalina ba ya kan gardama yau. Tayyiba ba ta jin daɗi. Kumburin ya hau har gwiwa, fuskarta ma ta ɗan tasa. Tana tari busasshe, ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo uku. Jiya daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai da ta tsaya sau biyu tana numfashi. Inna ta duba ta, ta danna ƙafar da yatsa, ta ce sanyi ne ya ƙi fita, laifin darbejiya ne da ba ta kai runhu ƙarfi ba. Ta sa an ƙara kanwa a kunu, an ƙara wuta a ruwa, an kuma sa garwashi a ɗaki. Ita da kanta take taɓa ruwan da hannu, ta ce a ƙara. Tana yi tana tsokanarta, wai 'yan boko ba ku da ƙashi, ni na yi wannan sau tara ina daka.

Na ce ko a kai ta asibiti. Inna ta kalle ni ta ce, Auta, sau nawa ka haihu? Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, saura kwana goma. Bashir ya zo a babur shekaranjiya, shi ma ya ce haka aka yi wa uwarsa da yayyensa. Tayyiba kuma ta ce kada in ɓata wa Kaka rai, tsohuwa ta sami aikin da ta iya, ta daɗe ba ta gan ta da walwala haka ba. Na sayo maganin tari a kemis.

Ka san ni, zan iya kawo maka ra'ayin malamai huɗu a kan kowace mas'ala, amma a wannan ɗakin ni baƙo ne, daga bakin ƙofa nake sallama. In takardar nan ta same ka, ka ɗan faɗa mini ko wannan abin damuwa ne. Wataƙila ba komai.

Inna tana gaisuwa. Tayyiba ta ce a tuna maka da maganar layi.

Naka,
Uzairu.


Katsina,
29 ga Oktoba, 2021.

Abdulhakim,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da iyali. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Ina rubutu a kan benci a barandar asibiti. Nan akwai layi, na ga kiranka sau goma sha ɗaya, na kasa ɗauka. In na ji muryarka ba zan iya magana ba. Ka bar ni da takarda, Sadiqa za ta tura maka.

Amsarka ta takardata ta farko ta iso hannuna ranar ashirin ga wata. Ka rubuta ta ran ashirin da tara ga Satumba. Kwana ashirin da ɗaya ta yi a aljihun motar direba, motar kuma tana gareji. Na buɗe ina murmushi, ina shirin shan gardama. Sai na ga ba ka ce komai a kan tuba ko gado ko na'ibin liman ba. Layi biyar ne kawai da manyan baƙaƙe: a daina kanwa, a daina gashi, kumburin ƙafa ga mai jego zai iya zama zuciya, a kai ta asibiti yau ba gobe ba. Ni na ba ka labarin kumburin don ka yi dariya a kan takalmi. Kai kaɗai ne ba ka yi dariya ba, kana nisan duniya.

A ranar na nemi mota. Saura kwana huɗu ta yi arba'in. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki da sandarta, na ce mata, Inna, ki yafe mini, na ɗauki 'yata na wuce. Tun da aka haife ni ban taɓa wuce ta haka ba.

Likitar da ke duba ta yarinya ce, ba ta fi Tayyiba da shekara biyar ba. Ta nuna mini hoton zuciyar a na'ura. Ta ce ta buɗe ta yi laushi, tana bugawa amma ba ta tura jini yadda ya kamata. Na tambaye ta ko kanwa ce. Ta ce ba za ta ce ita kaɗai ba, ciwon yana kama matan da ba su taɓa shan kanwa ba, amma kanwa da zafi sun ɗora wa zuciyar kaya a lokacin da take neman hutu, kuma da an zo da wuri da ya fi. Ta faɗi wannan na ƙarshen tana kallon takarda, ba ni ba. Ta ce wasu suna warkewa sarai. Na riƙe wannan kalma, da ita nake yini.

An sa wa Tayyiba iskar oksijin, ana cire ruwan jikinta da allura. Innata tana gida wurin maƙwabciyarmu mai shayarwa. Tayyiba takan tambayi ko ta fara murmushi. Jiya ta cire abin hancin ta ce, Baba, ka gaya wa Baba Dokta na rage buƙata, ya bar ɗari da hamsin, ya ba ni har in ga ta shiga aji ɗaya. Na ce mata ta mayar da abin hancinta ta daina ciniki.

Bashir ya je Batsari ya dawo da saƙon Inna. Ta ji ana ƙara wa marasa lafiya jini a asibiti. Ta ce tunda abokin Auta ya ce akwai tsawon rai a jininta, a zo a ɗebe duka a sa wa Tayyiba, ita ta gama da shi. Ta sa an ɗaura mata kayanta a ɗankwali tana jiran mota. Bashir ya rasa yadda zai yi mata bayani, ya ce mata likita ta ce sai wani mako.

Abdulhakim, duk abin da na rubuta maka a baya ka ajiye shi gefe. Na zauna na yi wasa da shekarun mutane kamar mai raba goro. Ban janye cewa ajali a rubuce yake ba, da shi nake tsaye yanzu. Amma an ce a nemi magani, ga ni ina nema. Kai da ka san yadda ake ƙara wa ɓera kwana, ba ka da wani abu a cikin kwalabenka na mace 'yar ashirin da huɗu? Ba na neman ɗari. Shekara shida ta ce. In akwai maganin da babu a nan, ka faɗi sunansa. In akwai likitan da za ka kira, ka kira. Lambar likitarta tana bayan takardar nan.

Ka sa mu a addu'a, kai da Hajiya.

Uzairu.


Batsari,
19 ga Disamba, 2021.

Zuwa ga ɗan'uwana Abdulhakim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya Rashida da yara, da fatan kuna lafiya. Na gode da ta'aziyya, na gode da kiran da ka yi ta yi wa likita, da maganin da ka aiko wanda ya iso bayan kwana uku da rasuwar. Na bar shi a asibitin, likitar ta ce akwai mata biyu a ɗakin da zai yi wa amfani. Allah Ya saka da alheri.

An dawo mana da layin waya makon jiya. Mutane suna ta murna a titi, kowa da waya a kunne. Ni na saba da takarda, kuma abin da zan gaya maka ba na waya ba ne.

Sadiqa ta gaya maka ranar, sha ɗaya ga Nuwamba, da hantsi. Ba ta gaya maka sauran ba don ba ta sani ba. Da safen Tayyiba ta sha koko cokali huɗu, ta ce in karanta mata wani abu, kowane ne. Babu littafi a hannuna sai takardar magani, na karanta mata ita da muryar huɗuba, ta yi dariya. Na fita neman ruwan zafi. Da na dawo Bashir yana tsaye ya juya wa gadon baya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin mu bar Katsina na tsaya a kasuwa na sayi farin yadi. Na yi haka da gangan, don kada kowa ya kalli adakar Inna. A lokacin ba layi a Batsari, ba wanda ya san muna tafe. Muka iso kafin la'asar. Da na shiga gida na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta, adaka a buɗe, yadinka a kan cinyarta. Daga baya ta ce ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida ba a tasha ba, kuma ba wanda ya yi sauri wajen buɗe ƙofa.

Na durƙusa na ce, Inna, na sayo, ga shi, ki bar naki, kin ce ko liman ba za ki ba shi ba. Ta ce naka bai taɓa zamzam ba, yarinyar nan kuma ba ta je Makka ba. Na ce ita Tayyiba za ta yi fushi in ta ji an raba ki da shi. Ta ce, Auta, ni na gasa ta, ni zan lulluɓe ta, ka matsa.

Ban taɓa gaya mata abin da likita ta ce ba. Na hana Bashir, na hana maƙwabciya. Ban san ta inda ta sani ba. Na ce mata ba ita ba ce, kwana ne ya ƙare, ciwon yana kama waɗanda ba su sha kanwa ba. Duk gaskiya ne. Ta ce ta san kwana ne, ta fi ni sani, tun kafin a haife ni take binne mutane. Ba ta sake maganar ba. Amma ragowar kanwar da ke gidan ta sa an zuba wa awaki, kuma da jikar maƙwabta ta haihu makon jiya aka zo neman shawararta a kan wanka, ta ce ta manta yadda ake yi.

Ni ma ina da nawa laifin. Kwana shida tsakanin takardata ta biyu da ranar da na nemi mota, ina tsaye a bakin ƙofa da maganin tari, ina jiran wani ya rubuto mini izini daga Turai. Ba sai da amsarka ba, idona ya ga ƙafar. Wannan ba na Inna ba ne, kuma ba na direba ba.

Ka ce in manta da rubutun da ka nema. Ban manta ba, sai dai ya gajarce. Ban san hukuncinsa ba, ka tambayi waɗanda suka fi ni. Abin da na sani shi ne ina zaune gida ɗaya da wadda aka ba abin da kuke nema wa mutane. Ba ta da ciwon komai, tana cin tuwo, tana sallah a tsaye. Ta rufe miji, da 'ya'ya takwas, yanzu ta shiga jikoki. Da asuba in na wuce ɗakinta nakan ji tana jero sunayensu a addu'a, ta yi ta yi har gari ya waye, wani lokaci ta tsallake ɗaya ta koma farko. In za ku ƙara mata hamsin, ku fara tanadar mata wanda zai rage ya kira ta da sunan yarinta. In kuwa aikinku zai iya komawa ta ɗaya bakin, wurin masu ashirin da huɗu, to ni zan rubuta maka duk abin da kake so, in sa hannu.

Inna ta ce in gaya maka ka zo ka ɗebi jinin. Ta ce ka duba da kyau, in ka ga abin da ke ciki kada ka kai wa tsofaffi.

Innata tana nan wurinmu, Bashir ya yarda ta zauna har a yaye ta. Ta fara murmushi, kwana biyu bayan rasuwar. Yawanci a cinyar Inna take yini. Nakan tsaya in kalle su, Asta biyu, tsakaninsu shekara casa'in da huɗu, waɗanda ya kamata su cike tsakanin duk suna maƙabarta sai ni.

Saura maganar yadin da na saya a Katsina. Bayan sadakar bakwai na kai wa Inna shi, na ce ta sa a adaka ya maye gurbi. Ta ture hannuna. Ta ce sau bakwai tana shiri, sau bakwai ana aiko wa wani. Ba za ta ƙara ajiyewa ba. In ranarta ta zo a shiga maƙwabta a nemo, su ma su ba ta sau ɗaya. Adakar yanzu kayan jaririya ne a ciki.

Na rasa inda zan kai shi. Ba a mayar da irin wannan kasuwa, ba a kuma ɗinka riga da shi. Na naɗe shi na tura bayan littattafai, a kan kantar sama, daidai inda Tayyiba ta tsaya da karatu. Inna ba ta san yana gidan ba. Kullum in na miƙa hannu ɗaukar littafi sai yatsana ya taɓa ledar. A da ina roƙon Allah Ya ja kwanan Inna, kamar yadda kowane ɗa ke yi. Yanzu abin da nake roƙo ɗaya ne, kuma ban san ko ya halatta ɗa ya roƙe shi ba: wannan karon a bi layi. Ita, sannan ni, sannan a daɗe ƙwarai.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Ka gaida Hajiya da yara. In ka tashi zuwa, ka taho da allurarka, kada ka taho da yadi.

Naka har kullum,
Uzairu.